Baffa ya rasu a feji na 14, ya karɓi sadaki a na 61

Ni na kashe shi da hannuna. Feji na 14 na littafin da nake saki kashi-kashi, daren Juma'a, ciwon ƙirji, kafin a samo motar da za ta kai shi Ringim rai ya yi halinsa. Na rubuta zaman makoki har da sadakar uku, matan zaurenmu na WhatsApp suka yi ta turo fuskar kuka, wata ma ta ce ta kasa cin tuwon dare. Bayan wata huɗu, a feji na 61, sai ga Baffa Sule zaune a kan darduma a ƙofar gida yana karɓar sadakin Bilkisu, har da cewa Allah ya sanya albarka. Wallahi ban lura ba. Na tura fejin wajen goma na dare na kwanta abina. Da asuba na kunna data na tarar da saƙo ya fi ɗari, na farkon daga wata baiwar Allah da ke bin labarin daga Maraɗi: "Anti, don Allah wane malami ne ya tashi Baffa? A taimaka mana da lambarsa, mu ma muna da mamata."

Na yi dariya, amma irin wadda ake yi ciki na ciwo. Littafin na kuɗi ne, sai da mutane suka biya na saka su a zauren, kuma wanda ya biya yana da bakin magana. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura, rubutu kuma da daddare nake yinsa a waya, bayan yara sun yi barci. Wannan ne littafina na uku, kuma a shi ne na ɗauko kayan da suka fi ƙarfin wuyana: gida ɗaya, mata huɗu, 'ya'ya ashirin da uku, labarin ya taso daga 1988 ya gangaro har 2015. Mu masu sakin labari feji-feji, ciwonmu daban yake da na mai buga littafi. Shi in ya gama sai ya koma farko ya bi layi-layi ya gyara. Ni kuwa feji na 14 ya shiga wayoyin mutane tun watanni, an kwafe, an tura wa ƙawaye. Magana zarar bunu ce.

Ƙanena da ke karatun kwamfuta a Dutse ya zo hutu da laftof ɗinsa, na ba shi labari. Sai da ya gama dariyarsa har da riƙe ciki sannan ya ce, "Yaya, ai akwai manhajojin da aka yi musamman don irin wannan." Abin da zan faɗa a nan na wata bakwai ne da na yi ina gwaji, wasu a laftof ɗinsa, wasu a wayata ta Android mai tsagaggen gilashi.

Ya fara nuna mini irin su ProWritingAid da PerfectIt. Ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba. Suna duba ko ka rubuta kalma ɗaya iri biyu, ko ka sa babban baƙi a nan ka manta a can, kuma don Turanci aka gina su. Mai rubutun Turanci ya je ya gwada. Ni ko da suna jin Hausa, ba ciwona suke magani ba. Ba harafi ne ya ɓace mini ba, mutum ne ya taso daga kabari.

Sai Scrivener, wadda wani kamfani a Ingila mai suna Literature & Latte ya yi. Gaskiya ta shiga raina. Tana karkasa littafi gunduwa-gunduwa, kowace fitowa da katinta, katunan kuma a jere a kan allo kamar an baza shanya a tabarma, ka ɗauki wannan ka mayar can, rubutun da ke ƙarƙashinsa ya bi shi. Kana iya manna wa kowace fitowa alamar mutanen da ke cikinta, in ka kira sunan mutum ɗaya ta tattaro maka duk inda ya fito ka karanta a jere. Kafin ka yi wa fitowa gyara kuma, tana iya ajiye maka yadda take a dā, in gyaran bai yi ba ka dawo da tsohon. Lokacin gwajinta ma da adalci: kwana 30 ne, amma ranakun da ka buɗe ta kaɗai take ƙirgawa. Na ci tara, saura ashirin da ɗaya suna can suna jirana a Dutse, don laftof ɗin ya bi mai shi da hutu ya ƙare. Akwai ta a Windows da Mac da iPhone, babu ta a Android, sayenta kuma da dala ne. Ba laifinta ba ne, rigar ce ba da ni aka auna ba.

A cikin waɗancan kwanakin kuma na zauna da yWriter, wadda wani marubuci mazaunin Ostareliya, Simon Haynes, ya ƙera don aikin kansa, kuma kyauta ce a Windows. Fuskarta irin ta kwamfutocin dā ce, ba kwalliya ko kaɗan, amma ka ga alamar wanda ya yi ta ya taɓa shan wahalar dogon labari. Kowace fitowa tana da gurbin da za ka faɗi su wa ke ciki, a ina ake, da idon wa ake kallon abin, sannan da gurbin kaya. Wannan na kayan ne ya tona mini asiri na biyu. Akwai warwaron zinare da uwargida ta gada wajen mahaifiyarta. Da na bi jerin inda ya fito, sai na ga an sayar da shi a feji na 30 don a biya kuɗin makarantar babban ɗanta, a na 47 kuma ga shi a hannunta ranar suna yana walƙiya. Wannan babu mai karatun da ta kama, ko kuma sun kama sun rufa mini asiri. Ta kuma nuna mini cewa mata ta uku ta yi feji ashirin da biyu ba ta ce uffan ba, ba tafiya ta yi ba, ba yaji ba, ni ce kawai na manta da ita a ɗaki.

Wadda ta zauna da ni har yau ita ce Obsidian, kuma abin mamaki ba don marubuta labari aka yi ta ba, manhajar ajiye bayanai ce kawai. Ta fito a 2020, ta waya ta biyo baya a 2021. Kyauta ce, tana hawa Android, kuma ba ta neman data kafin ta buɗe, don duk abin da ka rubuta a cikin wayarka yake zaune, a jaka guda. Ni rumbu nake ce wa jakar. A garinmu sai ka fita bayan makaranta wajen tsamiya kafin sabis ya tsaya da ƙafarsa, don haka wannan kaɗai ya isa ya sa na saurare ta. Nakan kashe layin gaba ɗaya na yi awa biyu ina rubutu, caji bai ko girgiza ba.

Yadda take aiki ba wuya. Kowane mutum ka buɗe masa shafi, kowane feji ma shafinsa. In ka rubuta suna a tsakanin baka biyu masu kusurwa, kamar haka [[Baffa Sule]], sunan ya zama ƙofa, ka taɓa ta kai ka shafinsa. A shafin nasa kuma za ta jero maka duk fejin da aka ambace shi, har da wuraren da ka rubuta sunan ba ka sa bakan ba. Shawara ɗaya tun da wuri: kada ki sa bakan a cikin labarin kansa, don in kin kwafa zuwa WhatsApp za su bi ki. Ni a ƙasan kowane feji nake yin layi ɗaya na waɗanda suka fito, in zan kwafa na tsaya kafin na kai wurin.

Abin da ya sa na riƙe ta shi ne gurbin laƙabi. Duk wanda ya rubuta labarin gidan Bahaushe ya san mutum ɗaya ba ya da suna ɗaya. Ku ɗauki mata ta biyu a littafina. Sunan yanka Hauwa'u. A gidansu Kulu ce. Ƙawayenta na ƙuruciya Jummai suke ce mata don ranar Juma'a aka haife ta. Da ta shigo gidan miji ta zama Amarya. Da ta haihu maƙwabta suka koma Maman Abba, shi kuma Abban sunansa Muhammadu, sunan kakansa ya ci, shi ya sa babu mai kiransa da shi a gidan, ita uwar ma ko Abban ba ta faɗa don ɗan fari ne, sai dai ta ce "yaron nan". Da ta sauke farali jikoki suka mayar da ita Hajiya Ƙarama. Sannan aka haifi jika aka sa mata Hauwa'u, ana kiranta Ummi. To ka gaya mini akwatin bincike na yau da kullum zai haɗa maka wannan matar wuri guda? A Obsidian na zuba sunayen nan duka a gurbin laƙabinta, har da irin su Kulun da Jumman don kada wani ya kuɓuce, sai ga rayuwarta gaba ɗaya a jere tun daga feji na 3. Ranar da na fara ganin jerin na daɗe ina kallonsa. A nan na ga ashe sau biyu na kai ta Makka karon farko.

Amma Hausa ta fi manhajar wayo a wurare da dama. Kalmar Amarya ba ta mutum ɗaya ba ce, gado ake yi. Kulu ce Amarya har feji na 19, daga na 20 Rabi ta karɓa, daga na 44 kuma ta huɗun. Gurbin laƙabi bai san lokaci ba, in ka ba mutum suna ya ba shi har abada. Dole na cire Amarya daga laƙaban kowa na rubuta a shafin kowacce daga feji kaza zuwa feji kaza. Inna da Baba da Yaya kuwa ko gwadawa kada ka yi, kowa Innar wani ce. Sai sunayen da suke kalmomi. Na nemi Rabi, aka kawo mini duk "awa ɗaya da rabi" da ke littafin. Na nemi Sani, aka kawo "ban sani ba" har na gaji da gungurawa. Akwai ɗan maɓalli a gefen akwatin binciken da ke sa ta bambance babban baƙi da ƙarami, shi ya cece ni. Littafi na gaba dai babu Sani babu Rabi, na yi wa kaina alkawari.

Sai baƙaƙe masu lanƙwasa, kuma a nan laifin nawa ne tsantsa. A farkon littafin da tsohuwar waya nake rubutu, ina sa K'asimu. Da na gaji da neman alamar sai na koma Kasimu. Da ƙanena ya sa mini Hausa a Gboard, wato allon buga rubutu na waya, inda in ka danne k ta ba ka ƙ, na koma Ƙasimu. A idon mai karatu mutum ɗaya ne, a wajen na'ura mutum uku ne da ba su san juna ba. Haka 'yar da ƴar. Ko dai ka zaɓi hanya ɗaya tun feji na farko ka mutu a kanta, ko ka zuba duka ukun a laƙabi kamar yadda na yi.

Tunda ana maganar laifina, bari na faɗi wanda ya fi ban kunya. Tun kafin duk wannan, a littafina na biyu, na ga Ali ya yi yawa a labaran mutane na ce bari na mayar da nawa Nura. Na shiga wurin nema da musanyawa na manhajar da nake rubutu da ita a lokacin, na danna a canza duka, ban duba komai ba. Hali ya koma hNura, dalili ya koma dNurali, iyali ya zama iyNura. Kwana biyu ina tsince su kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Duk manhajar da za ki yi wannan a cikinta, bi su ɗaya bayan ɗaya, ko da ɗari biyu ne.

Abin da na fi amfana da shi a shafin kowane mutum ba tsayinsa ko hasken fatarsa ba ne. Layi na farko: yana raye ko ya rasu, a wane feji. Na biyu: wata alama ta jiki ko ɗabi'a. Daga nan sai jerin wa ke kiransa da me. Wannan jerin masu karatunmu sun fi kama kuskure a kansa fiye da komai. Bilkisu ta ce wa kishiyar uwarta Inna a feji na 5, in ta ce mata Umma a na 40 sai an tambaye ka ko sun shirya ne, don a kunnen Bahaushe canjin kira labari ne. Matar da ke cewa "Malam" ta wayi gari tana cewa "Baban Abba", mai karatu zai zauna jiran dalili. In babu dalilin, ka yi masa alkawarin da ba ka sani ba.

Kada wani ya ɗauka manhajar za ta yi ƙara in mamaci ya buɗe baki. Ba ta yi. Babu ɗaya cikin waɗanda na ambata da ke karanta labari ta fahimce shi. Rumbu ne, abin da ka zuba shi za ka ɗiba. Sati uku na hutun makaranta na kwashe ina shigar da feji 61 ɗaya bayan ɗaya, babban yatsana har ya yi kanta, maigidan yana tambaya ko jarrabawa zan sake zaunawa. Yanzu ƙa'idata, kafin na tura feji sai na taɓa sunan duk wanda ya fito na karanta layinsa na farko. Minti biyar ne. Akwai kuma wani hoto da take zanawa na yadda shafuka suka haɗu da juna, kamar saƙar gizo-gizo. Kyau gare shi, amfani kuwa ban ga ko ɗaya ba, sai 'yata ta aji uku da ke son jan ɗigon tana kallon sauran suna rawa.

Inda Obsidian ba ta isar mini ba shi ne lissafin lokaci. Ƙanena ya nuna mini Aeon Timeline, wadda in ka ba ta ranar haihuwar mutum za ta faɗa maka shekarunsa a kowane abin da ya faru, har kalandar kanka kana iya ƙirƙira a ciki. Ta kuɗi ce kuma ba ta Android ba ce, don haka kallo kawai na yi. Sai muka buɗe tebur a Google Sheets, wanda shi ma ana iya sa shi ya buɗe ba data: feji, shekara, watan Musulunci, yanayin gari, sai wa ke da ciki wata nawa. Ranar farko teburin ya nuna mini Rabi ta yi wata goma sha uku da ciki. Ya nuna mini na aurar da matar Baffa wata uku bayan rasuwarsa, alhali takaba wata huɗu da kwana goma ce. Wannan da wani malami ya riga ni gani, da ba dariya za a yi ba.

Azumi ne ya fi ba ni aiki. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta Bature da wajen kwana goma sha ɗaya, don haka azumi yawo yake yi a cikin yanayi, sai ya yi kusan shekara 33 kafin ya dawo inda ya taso. Kowa ya san wannan da baki, amma in ka zauna rubutu jikinka azumin da ya saba kwanan nan yake tunawa. Duk azumin da ke littafina a zafin bazara na sa shi, da mangwaro a faranti wajen buɗa baki. Na 1988 ya yi daidai, don a Afrilu aka fara shi. Amma na shekarar 2000 a ƙarshen Nuwamba ya kama, cikin hunturu, lokacin da ake sahur ana rawar ɗari. Na 2010 a Agusta ne, tsakiyar marka, gero ya kai ƙirji. Na 2015 kuma tsakiyar Yuni, ana fama da shuka da noman fari. Da na gyara waɗannan a fejin da ban riga na saki ba, sai labarin ma ya ƙara daɗi, don mai azumi a gona da mai azumi a bakin murhu yana jin ɗumi ba magana iri ɗaya suke yi ba.

A teburin nan kuma muka sa rabon girki. Mata huɗu, kwana bibbiyu, zagaye kwana takwas ke nan, in an kawo budurwa ta ci bakwai, bazawara uku, lissafin ya gusa. Kada ku ce wa zai ƙirga. Matan zaurena suna ƙirgawa, da yawansu a cikin wannan lissafin suke rayuwa. An taɓa tsayar da ni a kan cewa na ba uwargida kwanan mata ta uku, aka yi ta muhawara har washegari ko maigidan ne azzalumi ko marubuciyar. Yanzu ƙanena ya ɗaura mini wani ɗan lissafi, in na sa ranar labari sai sunan mai girki ya fito da kansa.

Akwai kuma abin da babu manhajar da za ta sanar da kai, sai ka nema ka zuba da hannunka. Na buɗe shafi guda na sa masa suna Zamani. A ciki na rubuta cewa an ƙirƙiri jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, don haka mutanen farkon littafina 'yan jihar Kano ne, ba mai cewa zai je Dutse wajen gwamna. Wayar salula ta GSM sai 2001 ta shigo, ƙauye kuwa ta daɗe ba ta iso ba, saboda haka saurayin 1997 wasiƙa zai ba yaro. Takardar naira 500 ta fito a 2001, ta 1000 a 2005, ni kuwa na sa wani attajiri yana liƙa 'yan dubu-dubu a bikin 1995. A Daidaita Sahu zamanin Malam Ibrahim Shekarau ta zo Kano, kafin nan acaɓa ce da tasi da bas. Har ranakun kasuwa na rubuta, tun da wani mai karatu daga Gumel ya tuna mini cewa Maigatari ranar Alhamis take ci, ba Litinin da na kai Alhaji sayen bijimi ba.

Na gwada ɗaya daga cikin manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake hira da su, ba zan kira suna ba. Na zuba mata feji goma na ce ta nemo inda labari ya saɓa wa kansa. Ta kamo guda na gaske, shekarun wani yaro da suka ja baya. Sannan ta dage cewa Baffa da Kawu mutum ɗaya ne na ba shi suna biyu, ta ba ni shawarar na zaɓi ɗaya. Ƙanen uba da ƙanen uwa fa, waɗanda rabin rikicin littafin a tsakaninsu yake. Ta kuma yaba mini wata fitowa da babu ita a cikin abin da na ba ta. Ga cin data, ga shi kuma raina bai kwanta da zuba littafin kuɗi a inda ban san ina yake kwana ba. Na bar ta.

Wani abu da ya kamata a sani game da Obsidian: tunda komai a wayarka yake, in wayar ta tafi rumbun ya tafi. Suna da hanyar haɗa na'urori ta kansu, amma ta kuɗi ce. Ni kuma kusan kullum sai wayata ta yini a shagon caji cikin wayoyi hamsin, ranar Lahadi kuma ta shiga cunkoson kasuwar Gujungu a cikin jaka. Don haka duk ƙarshen mako nakan kwafi jakar gaba ɗaya zuwa memori, in na shiga Ringim inda sabis ke da ƙarfi na ɗora ta a Google Drive. Ba ta da nauyi, tsurar rubutu ce, hoto ɗaya na biki ya fi feji ashirin cin wuri. Sannan da Turanci na same ta, kuma ranar farko in ka buɗe fili ne fetal ba abin da ke nuna maka inda za ka sa ƙafa. Ba don ƙanena ya zauna da ni yamma guda ba, da na goge ta a daren.

In labarinki na mutum biyar ne, saurayi da budurwa da iyaye da wata muguwar ƙawa, feji talatin a gama, kada ki wahalar da kanki, littafin rubutu na 'yan makaranta mai shafi arba'in ya ishe ki. Mai laftof da wutar da za ta riƙe shi ya fara da yWriter tunda ba ta cin ko sisi, in aljihu ya yarda ya leƙa Scrivener. Amma mai rubutu a Android irina, da gida cike da kishiyoyi da jikoki masu sunan kakanni, ban ga abin da ya kai Obsidian da tebur ɗaya a gefe ba.

Baffa kuwa, na fito na ba da haƙuri, na sake tura feji na 61 da ƙanensa a kan dardumar. Har yau akwai masu tsohon fejin, kuma duk wanda ya mutu a littafin sai wata ta rubuto, "Allah ya jiƙansa, sai mun gan shi a ɗaurin aure."

Makon jiya na gama feji na 88, inda Bilkisu ta kai bango ta mari kishiyarta. Na bi ƙa'idata tsaf, na taɓa kowane suna, kowa na raye, mai girki daidai, wata daidai. Kafin na tura na karanta wa surukata, don ita ba ta karatun boko amma ba ta yarda feji ya fita ba ta ji ba. Tana ɓarar gyaɗa tana saurare, har na kai inda na ce yatsu biyar sun kwanta a kuncinta na hagu. Sai ta ɗago.

"Ke, ba yarinyar nan kika ce bahaguwa ba ce?"

Na ce, "Ita ce, Iya." Yana nan ma a shafinta, layi na biyu, minti biyar da suka wuce na karanta shi.

"To bahago in ya fuskanci mutum ya kai mari, a dama yake sauka." Ta ajiye gyaɗar ta ɗaga hannun hagu ta gwada a iska.

Na kira 'yata na ce ta tsaya a gabana, na ɗaga nawa hannun hagun a hankali ina aunawa. Yarinya ta ga abin ba na lafiya ba ne ta zura da gudu ta ɓuya a bayan kakarta. Na gyara kuncin, na koma shafin Bilkisu na ƙara a layi na biyun: bahaguwa ce, marinta a kuncin dama yake sauka.